Wasa Cikin Wasa: Sharhi a kan Fim ɗin Pillow Talk da Asirin Rock Hudson

A zaman ƙungiyarmu na watan jiya, bayan an gama tattauna bambancin da ke tsakanin ɗan wasa da mutumin da yake kwaikwaya, wani ɗan'uwa ya jefo tambaya wadda ta hana mu tashi da wuri. Cewa ya yi, a ƙasashen Turawa, idan ɗan wasan silima ko mawaƙi ya fito fili ya ce shi ɗan luwaɗi ne, shin wannan yana rage masa suna ko kuwa ƙara masa yake yi? Nan take aka rabu biyu. Wasu suka ce ai can wanda ya faɗa ma tafi ake yi masa. Wasu suka ce ina, da babu hasara a ciki da ba a ga masu ɓoyewa ba. Ni dai ban ce uffan ba, domin na ga kowane ɓangare ya kama jelar magana ne ya bar kanta. Da na koma ɗaki sai na sake kallon wani tsohon fim na Amurka mai suna Pillow Talk, wanda a ganina amsar tana kwance a cikinsa. Ya kamata mai karatu ya sani tun yanzu cewa ba hukuncin aikin na zo yi ba. Wannan fagen malamai ne, kowa kuwa ya san abin da aka karantar da shi. Abin da ya dame ni shi ne yadda ake gina suna a kasuwar wasa, da kuma wanda ke da ikon rushe shi.

Fim ɗin ya fito a 1959 daga kamfanin Universal, Michael Gordon ne ya ba da umarni. Doris Day ta fito a matsayin Jan, mai sana'ar ƙawata ɗakuna, Rock Hudson kuma a matsayin Brad, mai tsara waƙoƙi wanda ba shi da aiki sai yaudarar 'yan mata. Ba su taɓa ganin juna ba, amma gidajensu suna tarayya a kan layin tarho ɗaya, ta yadda duk lokacin da Jan ta ɗauki tarho sai ta tarar da Brad yana rera wa wata waƙar da ya rera wa wata jiya, suna kawai ya sauya. Ta tsane shi. Da ya gan ta ido da ido ta burge shi, ya san kuwa in ta gane muryarsa kashinsa ya bushe, sai ya sake murya ya ce shi Rex ne, baƙauye mai kunya daga Texas.

Ta fuskar fasaha, abin da ya fi kyau a fim ɗin shi ne yadda ake raba allo biyu idan suna waya, ita a wannan gefe shi a wancan, har akwai inda kowa ke cikin bahon wankansa amma ƙafafunsu suka yi kamar sun haɗu a tsakiyar allo. Dabara ce ta kauce wa masu tace fim, waɗanda tun 1934 suke tsananta dokar da ta hana nuna irin wannan kusanci. Maganganun suna da kaifi, ba mamaki da labarin ya sami lambar Oscar. Ƙarshen ne ya yi mini rauni, inda Brad ya sungumi Jan daga gadonta ya ratsa titi da ita, ita kuma da jin zancen aure ta manta da duk ƙaryar da ya shirga mata. Marubutan sun gaji ne suka nemi hanyar gida.

Amma wurin da ya kawo mu yana tsakiyar fim. Jan ta fara mamakin yadda Rex bai taɓa ko riƙe hannunta ba. Sai Brad ya kira ta da ainihin muryarsa ya sa mata shakka, yana nuna mata a kaikaice cewa akwai irin mazan da ba su rabuwa da uwayensu, masu son tara dabarun girki. Da suka fita da dare sai Rex ya ɗaga ɗan ƙaramin yatsa yana shan abin sha, ya yaba launin yadi, ya nemi a faɗa masa yadda aka haɗa abincin. Jan ta tsorata, ta nemi ya sumbace ta don ta tabbatar, tarko ya kama. 'Yan kallo na 1959 sun yi dariya domin a wurinsu babu abin da ya fi nisa da gaskiya kamar a ce wannan dogon ƙato mai faɗin kafaɗa ba ya son mata. To, mai karatu, dubi tulin rigunan da mutumin nan ya sa. Mai neman maza ne a rayuwarsa, yana kwaikwayon mai neman mata, wanda shi kuma yake kwaikwayon mai neman maza. Da yawa daga waɗanda ke aiki da shi sun sani. Wanda ya sayi tikiti ne kaɗai bai sani ba, dariyar kuwa a kan jahilcinsa aka gina ta. Yau in ka kalli wurin dariyar ba ta fita sosai, sai ka tsinci kanka kana duban idon ɗan wasan.

Roy Scherer aka raɗa masa da aka haife shi a 1925, ya kuwa yi tuƙin babbar mota kafin wani dillalin 'yan wasa, Henry Willson, ya tsince shi ya ƙirƙira masa suna, aka koya masa tafiya da magana. A 1955, lokacin da tauraronsa ke hawa, mujallar tonon asiri mai suna Confidential ta yi shirin fallasa shi. Willson ya fanshe shi da asirin wasu 'yan wasa biyu da shi ma ya yi wa dillanci, watau zaman kurkukun da Rory Calhoun ya taɓa yi da kamun da aka yi wa Tab Hunter a 1950. A cikin shekarar nan Hudson ya auri Phyllis Gates, sakatariyar Willson, auren ya mutu a 1958. Tsakanin nan ya fito a Giant a 1956 tare da Elizabeth Taylor da James Dean, aka sa sunansa cikin masu neman Oscar, a 1957 kuma masu gidajen silima suka zaɓe shi ɗan wasan da ya fi kowa kawo kuɗi.

Me ya sa aka yi wannan wahala duka? Akwai doka, gaskiya ne, domin aikin laifi ne a California har 1976. Amma babban dalilin shi ne irin hajar da Hudson ke sayarwa. Ba iya wasa kaɗai yake sayarwa ba, akwai waɗanda suka fi shi. Mafarki yake sayarwa, mace ta zauna cikin duhun silima ta ɗauka ita yake kallo, namiji kuma ya ɗauka shi ne. Wanda ke wasan barkwanci ko wasan mugu ko na tsoho, 'yan kallo sun yarda riga ce ya sa. Jarumin soyayya kuwa an hana shi wannan uzuri, ana so a ce rigar ita ce fatarsa. Nan ne nake ganin 'yan'uwanmu na zaman nan suka kuskure. Sun ɗauki suna kamar abu guda ne, alhali kowane tauraro da abin da ya kasa a faifansa.

Wanda ya ƙi ɓoyewa a wancan zamani ma an gan shi. William Haines shi ne namijin da ya fi jan 'yan kallo a Amurka a 1930, yana kuwa zaune gida ɗaya da abokinsa Jimmie Shields. An ruwaito cewa a 1933 shugaban kamfanin MGM, Louis B. Mayer, ya ba shi zaɓi, ko ya yi auren rufa ido ko ya bar aiki. Ya bar aiki, ya koma ƙawata ɗakuna, sana'ar Jan ke nan a fim ɗinmu, ya yi arziki da ita har ya ƙawata gidan jakadan Amurka a Landan. Kada a manta kasuwarsa ta riga ta fara sanyi a lokacin, don haka ba za a ce wannan kaɗai ya kayar da shi ba. Sai dai a lura, ba 'yan kallo suka kore shi ba. Ba a ma tambaye su ba. Mutum ɗaya ne a ofis ya yanke abin da yake zaton za su ce.

Wannan zato na masu ofis ya fito fili a labarin Ellen DeGeneres, 'yar wasan barkwanci ta talabijin. A watan Afrilu na 1997 ta bayyana cewa ita 'yar maɗigo ce, matar da take kwaikwaya a shirinta ita ma ta faɗi haka, mutum wajen miliyan 42 suka kalli shirin na ranar. Amma kamfanoni irin su Chrysler suka janye tallarsu daga shirin, wata tasha a Alabama ta ƙi nunawa, a 1998 aka rufe shirin. Laura Dern, wadda baƙuwa ce kawai a wasan na ranar, ta ce ta fi shekara ba a kira ta aiki ba. Masu cewa fitowa fili hasara ce za su tsaya nan su ce ga shi. Amma a 2003 Ellen ta dawo da shirin hira wanda ya yi shekara 19 ana yi, ya ba ta sunan da ya ninka na da. Dariya take sayarwa, dariya kuwa ba ta tambayar wa kake so.

Haka mawaƙa. Elton John ya faɗa wa mujallar Rolling Stone a 1976 cewa yana neman maza da mata, kasuwarsa a Amurka ta ja baya na wasu shekaru, ko da yake akwai gajiya da sauyin yayi a ciki. A 1997 faifan da ya yi na makokin Gimbiya Diana ya shiga cikin waɗanda aka fi saya a tarihi, a 1998 Sarauniya ta ba shi lambar girma. Lil Nas X kuwa ya bayyana kansa a watan Yuni na 2019 waƙarsa tana kan gaba a Amurka, ba ta sauko ba sai da ta cika mako 19.

Kwatancin da ya fi gamsar da ni shi ne na 'yan wasan Ingila biyu. Ian McKellen ya faɗi nasa a gidan rediyon BBC a 1988, yana dab da shekara hamsin, ya riga ya yi suna a dandali da wasannin Shakespeare. Bai rasa kome ba. Babban sunansa na duniya ma daga baya ya zo, da ya fito a matsayin tsohon boka Gandalf a 2001. Ba wanda ya taɓa tambayar wa Gandalf yake so. Rupert Everett kuwa kyakkyawan saurayi ne, irin wanda aka halitta don wasan jarumi. A fim ɗin My Best Friend's Wedding na 1997 ya kusa ƙwace fim ɗin daga hannun Julia Roberts, amma a matsayin amini, wanda jarumar fim ɗin ke kai wa kuka. Bayan nan ƙofar jarumta ba ta buɗe masa yadda aka zata ba, a 2009 kuma ya ce ba zai shawarci matashin ɗan wasa mai tunanin gaba ya bi sawunsa ba. Wasu sun ce kaifin bakinsa da wani fim maras kyau da ya yi da Madonna a 2000 sun taimaka wajen faɗuwar. Mai yiwuwa. Amma jarumai nawa suka yi fim maras kyau aka sake ba su wani?

Ga wani abin lura game da lambar Oscar. William Hurt ya ci ta da wasan ɗan luwaɗi a fim na 1985, Tom Hanks da Philadelphia na 1993, Sean Penn da Milk na 2008, Rami Malek da wasan Freddie Mercury a fim na 2018. Kowannensu an yaba masa ƙwarewa, domin ya zama abin da ba shi ba. A 2016 McKellen ya yi ƙorafin cewa har lokacin babu namijin da ya ci lambar babban ɗan wasa alhali ya riga ya bayyana kansa. Watau abin da Hudson ya yi shekara talatin yana yi, a gaban kyamara da bayanta, ba a lissafa shi cikin ƙwarewa ba, amma kishiyarsa ta sa'a biyu ta isa lambar zinariya.

Ba na musun cewa abubuwa sun sauya. Jonathan Bailey bai ɓoye kansa ba, ya kuwa yi jarumin soyayya a shirin Bridgerton a 2022, 'yan kallo mata suka karɓe shi hannu biyu. Wannan ya nuna zaton Mayer ba doka ba ce ta har abada. Sai dai tsoron ya sauya mazauni, ya koma kan kasuwar ƙasashen waje, inda manyan finafinai ke samun kaso mai tsoka na kuɗinsu. A 2019 an yanke sassan Bohemian Rhapsody a Sin, an yanke na Rocketman a Rasha, a 2022 kuma ƙasashe da dama na Larabawa suka hana nuna Lightyear saboda sumba ɗaya. Mai zuba dala miliyan ɗari a fim yana lissafa wannan kafin ya zaɓi jarumi, ba kuwa zai faɗa wa wanda ya tsallake dalili ba. Shi ya sa hasarar ke da wuyar aunawa, aikin da ba a ba ka ba ba ya barin rasit.

Shi Hudson bai taɓa faɗa da bakinsa ba. A watan Yuli na 1985 ya je taron 'yan jarida don ya taya Doris Day tallar sabon shirinta, ya rame har mutane suka kasa gane shi. Bayan 'yan kwanaki ya yanke jiki ya faɗi a Faris, ranar 25 ga wata aka sanar cewa yana da cutar ƙanjamau, jaridu suka ƙarasa sauran labarin. Abin da Willson ya sadaukar da mutum biyu don ya hana faruwa ya faru, sai ga wasiƙun jaje suna kwarara asibiti daga mutanen da aka ce za su juya masa baya. Ko da za su yi haka a 1955, lokacin yana da ƙarfi yana sumbatar Jane Wyman a allo, ni ina shakka, domin tausayin maras lafiya daban, sayen tikiti daban. Ya ba da dala 250,000 don binciken cutar, ya mutu ranar 2 ga Oktoba, 1985, yana da shekara 59.