Taimakon da Ke Cutarwa: Sharhi a Kan Littafin Corbett da Fikkert

A shekarar 2009 kamfanin ɗab'i na Moody da ke Chicago ya fitar da littafin When Helping Hurts, wato lokacin da taimako ke zama cutarwa, na Steve Corbett da Brian Fikkert, malamai biyu a Kwalejin Covenant da ke jihar Jojiya ta Amurka. Fikkert masanin tattalin arziki ne, Corbett kuwa ya daɗe yana aikin raya karkara. Sun rubuta shi ne domin mabiya majami'un bishara na Amurka, waɗanda ke ciyar da mabuƙata a unguwanninsu, suna kuma tura ayari zuwa Afirka da Latin Amurka. Littafin ya karɓu ƙwarai a tsakaninsu, har aka sake fitar da shi da ƙari a 2012. Ya cancanci nazarin ɗalibin ilimin Musulunci, domin cutar da ya gano ba ta keɓanta da majami'a ba, ko da yake maganin da ya bayar yana da giɓi babba.

Ginshiƙin littafin shi ne cewa yadda mutum ya fahimci talauci, haka zai yi masa magani. Marubutan sun dogara da binciken da Bankin Duniya ya wallafa wajen shekarar 2000, wanda ya tattara bayanan matalauta fiye da 60,000 daga ƙasashe 60. Sun lura cewa mawadaci yakan fassara talauci da rashin abinci da kuɗi da magani, shi kuwa matalaucin da kansa ya fi ambaton kunya da ƙasƙanci da tsoro da rashin mai sauraronsa. Daga nan suka ɗauki ra'ayin Bryant Myers cewa talauci lalacewar alaƙa huɗu ce: ta mutum da Ubangijinsa, da kansa, da sauran mutane, da sauran halitta. A wannan ma'auni mai bayarwa ma yana da nasa talaucin, wanda ya fi ɓuya: jin cewa shi ne mai ceto. Idan girman kan mai bayarwa ya haɗu da jin ƙasƙancin mai karɓa, kyautar sai ta ƙara wa kowannensu ciwonsa.

A nan ne littafin ya fi ƙarfi, kuma misalansa sun fi hujjojinsa tasiri. Akwai labarin wata majami'a da mabiyanta ke kai wa yaran wata unguwar matalauta kyautar Kirsimeti har gida, shekara bayan shekara, har suka fara ƙorafin cewa ba sa ganin iyaye maza a gidajen. Daga baya ta bayyana cewa da yawa daga cikin mazan suna nan, fita suke yi ta ƙofar baya idan sun ji sallama, don kada baƙo ya nuna wa 'ya'yansu abin da uba ya kasa yi. Mai karatu Musulmi ba zai rasa gane wannan ba. Sura ta biyu ta Alƙur'ani ta yi gargaɗi a aya ta 264 cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka, ta kuma fifita ɓoye ta a aya ta 271. Imam al-Ghazali, a babin asiran zakka na Ihya, ya bi asalin gori har zuwa zuciya: mai bayarwa ya ɗauka shi ne ya yi alheri, alhali matalaucin ne ya yi masa alheri da ya karɓi abin da ke tsarkake shi. Abin da Corbett da Fikkert suka kawo a matsayin sabon ganowa, an rubuta shi kimanin ƙarni tara kafin su. Sai dai wanda ya ga yadda ake jera mata da marayu a rana lokacin rabon kayan azumi, ana ɗaukar su hoto da buhun shinkafa a gabansu domin a watsa a Facebook, ya san cewa samun hukunci a littafi daban, aiki da shi daban.

Babin da ya fi jawo muhawara a Amurka shi ne na gajerun tafiye-tafiyen mishan, inda matasa ke zuwa wata ƙasa na mako ɗaya ko biyu su yi fenti ko gini. Marubutan sun ce kuɗin tafiyar ayari guda ya isa ya biya ma'aikatan gida albashin dogon lokaci, kuma maginin garin ne ke rasa aikinsa idan baƙi suka yi shi kyauta. Sukar ta yi daidai, ba ta buƙatar ƙari. Illa dai a tuna cewa ba duk aikin mishan ne ke da wannan siffa ba. Asibitin Galmi da ƙungiyar SIM ta buɗe a Nijar a 1950 yana aiki har yau, kuma mafi yawan masu jinya a cikinsa Musulmi ne. Adalci ya hana a haɗa shi da yawon mako biyu.

Matsalar littafin ta fara ne daga rabon da ya yi wa taimako gida uku: agajin gaggawa, da farfaɗowa, da ci gaba mai ɗorewa. Agajin gaggawa, a ganinsu, na wanda bala'i ya auka wa ne kuma ba zai iya taimakon kansa ba. Ya kamata ya zama kaɗan, nan take, na ɗan lokaci. Babban kuskuren majami'u, in ji su, shi ne ba da agaji a inda ci gaba ake buƙata, kuma ƙa'idarsu ita ce kada a yi wa mutum abin da zai iya yi wa kansa. Ƙa'idar tana da kyau, fiƙihu ma ya san ta. Malaman Shafi'iyya, kamar yadda Imam an-Nawawi ya kawo a al-Majmu', sun ce a ba mai sana'a daga zakka abin da zai sayi kayan aikinsa, a ba ɗan kasuwa jari gwargwadon kasuwancinsa, domin ya fita daga buƙata gaba ɗaya. Amma tambayar da littafin bai amsa ba ita ce: wa ke yanke hukuncin cewa wannan mutum ya cancanci agaji, wancan kuwa horo yake buƙata? A kowane shafi amsar ita ce mai bayarwa. Shi ne likita, shi ne alƙali, dukiyar kuma tasa ce har sai ya ga dama. Girman kan da aka kora ta ƙofa ya dawo ta taga, wannan karon da rigar hikima. Kuma ba wuya marowaci ya karanta littafin ya fita da hujjar rufe hannunsa.

Fikkert da kansa ya ba da misalin da ke nuna haɗarin. Ya ce ya biya wa wata mata da ke gab da mutuwa a wata unguwar matalauta ta Kampala kuɗin magani, dala takwas, ta kuwa warke, amma daga baya ya ga ya yi kuskure domin bai bar majami'ar unguwar ta ɗauki nauyin ba. Niyyar darasin a bayyane take, wato girmama al'ummar gida. Duk da haka, tsarin da ke sa mutum ya yi nadamar dala takwas da suka ceci rai yana da abin dubawa.

Abin da ya ɓace shi ne ma'anar haƙƙi. Suratul Zariyat da Suratul Ma'arij sun bayyana rabon mai roƙo da wanda aka hana a matsayin haƙƙi a cikin dukiyar mawadaci, Suratut Tauba kuma ta ƙayyade masu karɓar zakka takwas a aya ta 60, ba ta bar wa mai dukiya zaɓin ƙari ko ragi ba. Wanda ya karɓi haƙƙinsa ba shi da dalilin fita ta ƙofar baya. Wannan tunani ba baƙo ba ne ga Kiristanci: Attaura ta umarci manomi ya bar gefen gonarsa ga matalauci da baƙo, kuma Basil na Kaisariya a ƙarni na huɗu ya koyar da cewa rarar mawadaci mallakar mayunwaci ce. Marubutan sun san dokokin Attaura, sun kuma yarda cewa akwai tsare-tsaren tattalin arziki da ke zaluntar matalauta, amma da aka zo kan mafita sai suka koma ga gyaran halin mutum ɗaya da unguwa ɗaya.

Game da bishara, ba su yi ɓoye-ɓoye ba, kuma wannan abin yabo ne. Tunda sun ce tushen talauci lalacewar alaƙa da Ubangiji ce, kuma gyaranta a aƙidarsu ta hanyar Almasihu ne, to cikakkiyar fita daga talauci ba ta rabuwa da wa'azi. Wannan ya bambanta da matsayin Fafaroma Benedict na 16, wanda ya rubuta a wasiƙarsa ta Deus Caritas Est ta 2005 cewa kada a mai da aikin jinƙai hanyar jawo mutane cikin addini. Musulmi mai suka a nan ya yi hattara, domin shari'a ma ta san rabon waɗanda ake lallashin zukatansu, wanda Sayyidina Umar ya dakatar da bayarwa lokacin da ya ga dalilinsa ya kau. Wurin saɓani na gaskiya shi ne halin mai karɓa: wanda ke kwance a gadon asibiti ba ya cikin yanayin da zai ce a'a cikin 'yanci, kuma littafin da ya yi dogon bayani a kan rashin daidaiton ƙarfi tsakanin mai bayarwa da mai karɓa bai auna wannan da ma'aunin da ya kafa da kansa ba.

A ɓangaren ƙarshe sun shawarci majami'u da kada su mai da kansu bankunan ba da ƙananan rance, su taimaka wa matalauta su kafa ƙungiyoyin tara kuɗi da bai wa juna bashi daga aljihunsu. Bahaushiya ta san rabin wannan tun kaka da kakanni da sunan adashe. Ɗaya rabin, wato rancen da ake mayarwa da ƙari a raba ribar a ƙarshen zagaye, shi ne wanda ƙungiyoyin raya karkara suka yaɗa a ƙauyuka da dama, kuma shi ne ke buƙatar malaman fiƙihu su zauna su fitar masa da siga ta bashi marar ruwa ko ta haɗin jari da raba riba kafin masallatai su ɗauke shi.