4.3 Zargin Ƙiyayya ga Amurka a Jaridun Turai

A wannan sashe za a duba zargin da wasu 'yan siyasa da marubutan Amurka suka yi wa jaridun Ingila da Faransa, wato cewa ƙiyayya ce ta sa suka riƙa sukar Amurka a lokacin yaƙin Iraƙi na 2003. Ma'aunin da za a yi amfani da shi shi ne bambanci tsakanin sukar manufar gwamnati da kuma wulaƙanta al'umma baki ɗaya.

Idan aka ɗauki jaridar Le Monde ta Faransa, za a ga zargin bai zauna daram ba. Bayan harin 11 ga Satumba, 2001, shugabanta Jean-Marie Colombani ya rubuta sharhin da ya nuna cewa a wannan rana kowa Ba'amurke ne. Da jaridu irinta suka yi shakkar hujjar makaman ƙare-dangi a 2003, sai aka ce ƙiyayya ce. Amma binciken da Amurka da kanta ta jagoranta bai gano tarin makaman ba. Haka kuma, a watan Mayu na 2004 jaridar New York Times ta amsa cewa ba ta tsananta bincike a kan rahotanninta na makaman ba. Ke nan shakkar jaridun waje aikin jarida ne na ƙwarai.

Bugu da ƙari, jaridun Turai ba bakinsu ɗaya ba. The Sun da The Times, waɗanda ke ƙarƙashin kamfanin Rupert Murdoch, sun goyi bayan yaƙin. Masu zargin sukan tsallake wannan.

Sai dai kuma zargin bai rasa madafa ba. Ranar 4 ga Nuwamba, 2004, bayan an sake zaɓen Shugaba Bush, Daily Mirror ta tambaya a shafinta na farko yadda mutum sama da miliyan 59 za su kasance dolaye haka. A nan jaridar ta bar gwamnati ta koma kan masu jefa ƙuri'a, kuma ba ta yi ƙoƙarin bayyana wa mai karatu dalilansu ba. Ita ma The Guardian, a watan Oktoba na shekarar, ta nemi masu karatunta su rubuta wasiƙu ga masu zaɓe na gundumar Clark a Jihar Ohayo. Amurkawa da yawa sun ɗauki wannan a matsayin katsalandan, kuma Bush ne ya lashe gundumar.

Daga waɗannan misalai ana iya cewa zargin ya yi daidai inda jarida ta mayar da al'umma abin ba'a. Inda kuwa ta nemi hujja daga mai mulki kafin a zubar da jini, kiran hakan ƙiyayya hanya ce ta toshe bakin mai tambaya.