ARTAG: cuta ce, ko furfurar ƙwaƙwalwa ce kawai?

Idan ka taɓa karanta wani abu a kan cutar Alzheimer, to ka ci karo da furotin ɗin nan mai suna tau, wanda kan lalace ya dunƙule a cikin niyuron, wato ƙwayoyin da ke kai saƙo a ƙwaƙwalwa. Sai dai kusan rabin ƙwayoyin ƙwaƙwalwarka ba niyuron ba ne. Yawancinsu su ne ake kira giliya, sunan da likitan Jamus Rudolf Virchow ya raɗa musu a 1856, ma'anarsa kuwa gam, wai aikinsu manne niyuron ne kurum. An daɗe ana yi musu wannan kallon raini. A cikinsu akwai astrosait, masu siffar tauraro, waɗanda ke ciyar da niyuron, su share sinadaran da suka rage bayan an aika saƙo, su kuma rungumi ƙananan hanyoyin jini.

A 2016 Gabor Kovacs, wanda a lokacin yake Biyana, da gomman abokan aikinsa suka fitar da wata maƙala a mujallar Acta Neuropathologica. Sun ba da suna guda, ARTAG, ga taruwar gurɓataccen tau a cikin astrosait na tsofaffi, musamman waɗanda suka haura shekara 60. Suka bayyana siffofi biyu da ake gani a madubin ƙara girma: wata mai kama da ƙaya, wata kuma mai buzu-buzu da ɗigo-ɗigo. Suka kuma tsara yadda za a rubuta wurin da aka gan su da yawansu.

Gaskiya dai aikin ya yi amfani. Kafin nan kowane ɗakin bincike da sunan da yake kiran abin, ba damar kwatanta sakamako. Ka dubi abin da ya faru da CTE, cutar da ake dangantawa da yawan bugu a kai, irin na 'yan dambe da 'yan ƙwallon Amurka. Ma'aunin gane ta da aka wallafa a 2016 ya dogara ne da ganin tau kewaye da ƙananan hanyoyin jini a can ƙasan lungunan ƙwaƙwalwa, a cikin niyuron da astrosait. To amma tsohon da bai taɓa shiga fagen dambe ba ma ana iya samun tau a astrosait ɗinsa kusa da hanyoyin jini. Da aka sabunta ma'aunin a 2021 sai aka ce dole a ga tau a cikin niyuron, na astrosait kaɗai bai isa ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne fa, domin abin da likita ya rubuta shi iyali za su riƙe a matsayin sanadin halin da mamacinsu ya shiga, wani lokaci ma maganar ta kai kotu.

Inda nake da ja shi ne sunan kansa. Haruffa biyun ƙarshe na ARTAG sun fito ne daga kalmar da jelarta ke nufin cuta a Girkanci. Su kansu marubutan sun faɗa a fili cewa ba a san musabbabin abin ba, amma suna ya fi gargaɗi saurin tafiya. Mai karanta kanun labari sunan yake gani.

Ka tuna, duk shaidar nan daga ƙwaƙwalwar matattu take. Hoto ɗaya ne aka ɗauka a ƙarshen rayuwa. Niyuron ne ke samar da mafi yawan tau, astrosait kaɗan suke yi. To wanda aka gani a cikinsu daga ina ya zo? Idan ka tarar da mutum a bakin kwata da kwandon shara a hannu, kwashewa yake ko zubarwa? Hoto ɗaya ba zai gaya maka ba. Mai yiwuwa astrosait ɗin haɗiye gurɓataccen tau yake don ya kare niyuron, mai yiwuwa kuma shi ne ya kasa, ko ma yake miƙa shi gaba. Bambancin kuwa babba ne ga mai neman magani: a hali na farko so kake ka ƙarfafa shi, a na biyu ka dakatar da shi.

Ba wai giliya ba sa ciwo na haƙiƙa ba. A cutar MSA, wadda ke kawo sandarewar jiki da tangaɗi da faɗuwar hawan jini idan an miƙe tsaye, Papp da Lantos da abokin aikinsu sun nuna a 1989 cewa curin furotin yana cikin wani nau'in giliya ne, masu naɗe wayoyin niyuron da rufi. A 1998 aka gano furotin ɗin alfa-sinukiliyin ne. Can akwai majinyaci, akwai alamomi, akwai abin da aka gani a madubi, duk sun haɗu. ARTAG ba ta da rukunin alamomi nata na kanta, ba kuma gwajin da ke tabbatar da ita ga mai rai. Ana samunta a masu mantuwa, ana samunta a waɗanda suka rasu da hankalinsu garau, kuma sau da yawa tare take da Alzheimer ko wata cutar, sai raba laifin ya yi wuya. Shi ya sa a ganina, har yanzu ta fi kama da furfura: shaidar shekaru ce, ko da wata rana za a iya gano tana da hannu a wani abu.

Sai kuma batun su wa aka duba. Ma'ajiyoyin ƙwaƙwalwa da irin wannan bincike ya dogara da su galibi a Turai da Amurka da Japan da Ostareliya suke. A wajenmu mutum kan rasu da safe a yi masa sutura kafin la'asar, binciken gawa kuma ba kasafai ake yi ba. Don haka in ka ji an ce ARTAG ta yawaita a tsofaffi, tsofaffin waɗancan ƙasashe ake nufi, kuma a cikinsu ma waɗanda suka yarda tun suna raye a ajiye ƙwaƙwalwarsu.