Shayi Mai Zafi da Kansar Maƙoshi: Me Binciken Iran Ya Ce, Me Bai Ce Ba?

Kwanan baya a teburin wani mai shayi a Nassarawa GRA na ji wani yana karanto saƙon WhatsApp: wai masana sun gano shayi na jawo kansa. Da na bi diddigi, sai na tarar tushen maganar bincike ne na gaske, amma an yanke masa kai da ƙafa.

An yi binciken a lardin Golestan na ƙasar Iran, aka wallafa shi a 2019. An bibiyi mutum 50,045 na kimanin shekara goma, 317 daga cikinsu suka kamu da kansar maƙoshi, wato bututun da ke kai abinci ciki. Masu shan mililita 700 ko fiye a kullum, da zafin digiri 60 zuwa sama, haɗarinsu ya ɗara na masu shan kaɗan da ya huce da kusan kashi 90 cikin ɗari.

Abin yabo shi ne ba a tsaya ga tambayar mutane ba, an sa ma'auni an auna zafin shayin. To amma fa bibiya ce, ba gwaji ba, don haka alaƙa ta nuna. Kuma Golestan na cikin wuraren da cutar ta fi yawa a duniya. Ɗauko alƙalumansu a ɗora wa Kano kai-tsaye kuskure ne. Shi kansa kashi 90 ɗin ƙari ne a kan haɗarin da dama ƙarami ne.

Ganyen shayi kuma ba shi da laifi. A 2016 hukumar binciken kansa ta duniya da ke Lyon a Faransa ta sa abin sha da ya wuce digiri 65 cikin abubuwan da mai yiwuwa ke jawo kansa. Zafin ne ke ƙona fatar maƙoshi a kai a kai, ko shayi ne, ko kunu, ko koko.

Babban abin da ya fi damuna, saƙon bai ambaci taba da giya ba, alhali hujjarsu ta fi ƙarfi. Bai kuma faɗi alamar cutar ba: tuwo ya fara tsayawa a ƙirji, daga baya har kunu ya ƙi wucewa, ga rama. Da yawa sai su ce olsa ce, su yi ta shan magani har lokaci ya ƙure.

Ku bar shayinku ya ɗan huce. In kuwa haɗiya ta fara wuya, a garzaya asibiti a leƙa maƙoshin da na'ura.