Karatun Hutu Da Littafin Mai Gyaran Tukwane

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani lokaci na shekara da sanyi ke janyewa, rana ta daɗe ba ta faɗi ba, watau daga watan Yuni zuwa Agusta. A cikinsa ne makarantu su ke yin dogon hutu, ma'aikata kuma su kan ɗauki nasu. Masu son karatu a can suna da wata al'ada. Kafin hutu ya zo, sai mutum ya ɗauki takarda ya rubuta sunayen littattafan da ya yi niyyar karantawa. Waɗansu Kiristoci masu riƙon addini su kan tsaga takardar nan gida biyu. A gefe guda su jera littattafan ƙarfafa bangaskiya, a ɗaya gefen kuma na hira da jin daɗi. Har adadi a kan yanka, a ce goma ko sha biyu kafin a koma bakin aiki.

Niyya ce mai kyau, amma rabon nan yana da abin dubawa. Wanda ya yi shi ya riga ya yanke hukunci ke nan, cewa littafin addini maɗaci ne da a ke runtse ido a haɗiye, na hira kuwa alewar da a ke ba yaro ce bayan ya sha magani. In hutu ya ƙare, sai a tarar an lashe alewa kaf, magani kuwa yana nan an ɗan kurɓa an ajiye. To, akwai littafi guda da ya fi shekara 300 yana ƙaryata wannan rabo, ya kamata mai shirin karatun hutu ya auna shi kafin ya ja layi a tsakiyar takardarsa.

Mai littafin sunansa John Bunyan. An haife shi a 1628 a ƙauyen Elstow, kusa da garin Bedford a Ingila. Ubansa mai gyaran tukwanen ƙarfe ne, shi ma sana'ar da ya gada ke nan. Iliminsa na makaranta bai wuce iya karatu da rubutu ba. Da ƙuruciyarsa ba abin da ya ke so kamar 'yan littattafan nan masu araha na labarin jarumai da dodanni. Da ya yi aure, matarsa ba ta zo da wata gara ba sai littattafan addini guda biyu da ubanta ya bar mata, su kan zauna su karanta tare.

A 1660 aka kama shi sabo da yana wa'azi ba da iznin hukuma ba. Aka nemi ya yi alkawarin bari a sake shi, ya ƙi. Ya shekara 12 a kurkukun Bedford, yana ƙulla igiyoyin ɗaure tufafi da takalma ana sayarwa don iyalinsa su sami abinci, cikinsu har da 'yarsa makauniya. A kurkuku ya soma rubuta littafin, aka buga shi a 1678 da sunan The Pilgrim's Progress, watau tafiyar mai ziyarar ibada. Shi da kansa ya faɗa a gabatarwa cewa shawarar abokansa ta rabu a kan bugawa, don waɗansu suna ganin labarin ƙirƙira bai dace da maganar ceto ba. Ya kare kansa da cewa annabawa da Almasihu da misalai suka koyar. Ashe gardamar nan ta addini da jin daɗi tun a bakin ƙofa ta tare littafin.

Labarin a siffar mafarki ya zo. Wani mutum mai suna Kirista, da ƙaton kaya a bayansa, ya gudu daga Birnin Hallaka ya nufi Birnin Sama. Duk wanda ya gamu da shi a hanya, sunansa shi ne halinsa. Irin wannan tsari ya kan kashe labari, gama mutum ya kan zama gunki mai rataye da allo a wuya. Gwanintar Bunyan ita ce mutanensa suna da jini a jika. A dubi maƙwabcin nan nasa wanda za a iya kira Lanƙwasau da Hausa. Ya biyo Kirista da zumuɗi sabo da ya ji labarin rawanin sarauta da riguna masu walƙiya, har yana cewa a ƙara sauri. Da suka faɗa cikin wani taɓo, sai ya fusata, ya yunƙura ya fita ta gefen da ya fi kusa da gidansa. Ya koma gari maƙwabta suka yi ta yi masa ba'a, ya zauna tsuru. Can da ya ga fuska, sai duk suka juya suna zagin Kirista a bayan idonsa. Wanda ya taɓa zama a dandali ya san wannan mutum, ya kuma san maƙwabtan.

Haka Surutau, mai zaƙin baki, wanda ba batun addini da ba zai iya tsefewa ba, amma iyalinsa da barorinsa suna kuka da shi a gida. Haka kuma Kasuwar Banza, inda a ke sayad da gidaje da gonaki da sarauta har da rayukan mutane, inda aka gurfanad da Amintacce, abokin tafiyar Kirista, gaban alƙali aka ƙone shi. Wanda ya rubuta shari'ar nan ya taɓa tsayawa gaban alƙali, ana jin haka a ko wane layi.

Amma inda littafin ya fi nuna ƙarfinsa shi ne labarin Gidan Shakka. Hanya ta yi tsauri, ƙafafun Kirista da sabon abokinsa Mai Bege suka yi tsami. Suka hangi wata makiyaya mai laushi a gefe, da 'yar turba tana tafiya daidai da hanyarsu. Kirista ne ya ja ɗan'uwansa suka ƙetare shinge. Dare ya yi, hadari ya taso, ruwa ya cika turba, suka kasa komawa, barci ya kwashe su. Da safe mai ƙasar ya same su, wani ƙato wai shi Yanke-Ƙauna. Ya jefa su cikin kurkuku mai duhu tun daga safiyar Laraba har daren Asabar, ba ci, ba sha, ba haske. Ko wane dare in ya kwanta sai matarsa ta ba shi shawarar abin da zai yi musu gobe. Yau ta ce ya lakaɗa musu duka, gobe ta ce ya sa su kashe kansu, jibi ta ce ya nuna musu ƙasusuwan waɗanda ya riga ya yayyaga. Suka kwana addu'a daren Asabar, gab da asuba sai Kirista ya tuna ashe akwai mabuɗi a ƙirjinsa, sunansa Alkawari. Ya buɗe ƙofa bayan ƙofa. Ta ƙarshe, ta ƙarfe, ta yi gardama, da ta buɗe kuma ta yi ƙara har ƙaton ya farka, sai farfaɗiyarsa ta tashi ya kasa bin su.

Yaro zai saurari wannan baki buɗe, don tatsuniyar dodo ce sosai, irin waɗanda Bunyan ya haɗiya da ƙuruciya. Babba wanda ya taɓa fid da rai ga rahamar Allah kuwa zai ga wani abu dabam. Mabuɗin nan tun ranar Laraba yana jikin Kirista, baƙin ciki ne ya mantad da shi. Bunyan ya yi shekaru cikin irin wannan duhu yana zaton an riga an la'ance shi, ya kuwa ba da labarin a wani littafi nasa na 1666. A nan ba wanda zai iya ware daɗin labari daga wa'azinsa, gama in an cire ƙarar ƙofar nan an rage tsoro, in tsoro ya ragu kuwa kuɓutar ta zama araha.

Ba a rasa nono a ruga, haka ba a rasa aibi ga littafin mutum. Kusa da ƙarshe matafiyan biyu sun shiga wata ƙasa mai sa barci, suka ce bari su yi ta zancen tauhidi don kada su gyangyaɗa. Su dai zancen ya tsare su, amma mai karatu sai ya yi da gaske. A irin wuraren nan mai wa'azi ya kan danne mai ba da labari, shafi bayan shafi. Sa'an nan akwai inda ya siffanta Paparoma da tsohon ƙato mai cizon farce a bakin kogo. Wannan ragowar rikicin ɗarikun Ingila ne na zamaninsa, Kirista ɗan Katolika kuwa ba zai ji daɗinsa ba, yana da hujja. Hukuncin da aka yi wa wani saurayi Jahili, wanda ya kai har ƙofar Birnin Sama aka ɗaure shi aka jefa wuta, shi ma ya daɗe yana damun masu karatu, don laifinsa a labarin bai kai na Surutau muni a ido ba.

Batun adadi kuma, littafin nan ba ya jituwa da mai gaggawa. Bunyan ya cika gefen shafuffukansa da nunin ayoyi, mai so ya bi su sai ya ajiye Littafi Mai Tsarki kusa, wanda an buga shi cikakke da Hausa tun 1932. Mai yin haka zai iya cinye hutunsa duka a kan littafi guda, wanda ya rantse sai ya gama goma kuwa zai tsallake Gidan Shakka a guje. C. S. Lewis, malamin adabi a jami'ar Oxford, ya ba Kiristoci shawara a 1944 cewa bayan ko wane sabon littafi su karanta tsoho kafin su ɗauki wani sabo, domin ko wane zamani da irin makantarsa. Na Bunyan, wanda an juya shi cikin harsuna fiye da 200, yana cikin tsofaffin da suka fi sauƙin shiga.

Wani abin da a kan zargi Kirista da shi, shi ne ya toshe kunnuwansa ya gudu ya bar matarsa da 'ya'yansa suna kiransa. Kashi na biyu, wanda ya fito a 1684, shekara huɗu kafin rasuwar Bunyan, ya biya wannan bashi. Matar ta kama hanya da 'ya'yanta maza huɗu da wata budurwa maƙwabciyarta. Tafiyar tasu ta fi ta mijin natsuwa, ana yada zango, ana ɗaura aure, yaro ya ci 'ya'yan itacen da ba nasa ba ya yi ciwon ciki a kira mai magani. Bai kai kashi na fari tsuma zuciya ba, amma ya fi shi sanin zaman jama'a. Da suka iso Gidan Shakka, jagoransu ya sare kan Yanke-Ƙauna, suka kwana bakwai suna rushe ginin, suka fito da wani tsoho da 'yarsa da yunwa ta kusa kashewa. Nan bakin hanya matar Kirista ta ɗauki goge, budurwar ta ɗauki molo, wani gurgu da ke cikin ayarin ya kama hannun 'yar tsohon, ya dogara sanda guda, suka shiga rawa.