Kartar Iowa da abin da ba ta aunawa

Sau biyu na buga wasan nan a kwamfutar wani abokina mai karatun halayyar ɗan Adam, sau biyun kuma na tashi da bashi. Saboda haka mai karatu ya sani tun yanzu, mai ƙorafi ne ke magana.

Wasan cacar Iowa ake ce masa. Antoine Bechara da Antonio Damasio da abokan aikinsu suka fito da shi a 1994, a jami'ar Iowa ta Amurka, don auna yadda mutum ke yanke shawara in akwai kasada. Tulin karta huɗu ne: A, B, C, D. Ana ba ka rancen dala 2000 na wasa (dalar Amurka fa, ba irin tamu ba), ka yi ta jan karta har sau 100, kuma ba a gaya maka inda za a tsaya. Kowace kartar A da B tana ba da dala 100, ta C da D kuwa 50. Sai dai akwai tara a ɓoye. Duk karta goma da ka ja a A ko B ka yi asarar 250, a C ko D kuwa ka ci ribar 250.

Gaskiya dabarar ta burge ni. Akwai marasa lafiya da suka samu lahani a sashen ƙwaƙwalwa na bayan goshi, saman idanu. Maganarsu daidai, gwajin basira su ci shi, amma rayuwarsu ta dagule. Wasan nan ne ya nuna matsalar a fili: masu lafiya kan koma C da D a hankali, su kuwa sai su liƙe wa A da B.

Inda nake da ja shi ne tulin B. A cikin karta goma, tara ba su da tara ko kaɗan, sai guda ta kwashe maka 1250 lokaci ɗaya. A kuwa kullum cikin cizo take, kaɗan kaɗan. A lissafi asararsu ɗaya, a zuci ba ɗaya ba ce. Bincike da dama na baya sun iske masu lafiya lau suna son B ƙwarai, ni ma can na nutse. To me aka auna ke nan? Hangen nesa, ko gudun abin da ke yawan ciwo? Makin ƙarshe yana haɗe A da B wuri guda, bambancin ya ɓace.

Sannan kuɗin ba na kowa ba ne. Da na faɗi dariya na yi, muka ci gaba da shan shayi. Kawuna kuwa in ya yi binne, ya zuba irin hatsinsa cikin busasshiyar ƙasa kafin ruwan farko, abin da ke rumbu ya taɓa, kuma ba shi da ja ɗari da zai koyi darasi a ciki, damina ɗaya ce. A cikin wasan, mai taka-tsantsan ne ke ci kullum, don haka aka gina shi. A gona wani sa'in mai jiran tabbas shi ke rasa makonnin farko.

Abokina ya ce don asibiti aka yi shi, ba don gona ba. Na yarda. Amma shi da bakinsa, da ya ga makina, cewa ya yi ashe ni ɗan kasada ne, alhali ko tombola ban taɓa saye ba.