“Wanda” ko “abin da”? Nazari a kan alwashin Yefta da kalmomin hadaya a Hausa

Wannan maƙala ta samo asali daga wata tambaya da wani ɗalibi ɗan Gaya ya yi mini a darasin fassara. A garinsu, inda ake jin Hausa da Dandanci kuma Malanville na tsallaken gada, Musulmi da Kirista duk sun san labarin Ibrahim da ragon fansa. Shi kuwa ya karanta Littafin Mahukunta, sura ta 11, inda Yefta ya yi alwashi ya kuma cika shi a kan ƴarsa tilo, ba rago, ba mala'ika. Tambayarsa ita ce: kuskuren mai fassara ne, ko haka nassin yake?

Mu fara da kalmomi. Hausa tana da layya da hadaya, dukansu aro daga Larabci. Layya ta fito daga ḍaḥiyya, ta hanyar sauyin ḍ zuwa l, irin wanda muke gani a alƙali da lamiri da larura. Hadaya kuwa tushenta kyauta ne. Tun fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932, wanda Walter Miller na cikin masu aikinsa, hadaya ce kalmar majami'a, kuma a ganina zaɓin ya dace. Naman layya ci ake yi, a raba wa maƙwabta. Kalmar Ibrananci ʿolah, wato holocauste a Faransanci, daga aikatau “hawa” take: abu ne da wuta ke cinyewa ƙurmus, hayaƙinsa ya hau sama. Sai dai hadaya tana da taushi a kunnen Bahaushe, ba ta da ƙaurin da ke cikin asalin.

Babbar matsalar tana aya ta 31. Ibrananci ya yi amfani da siga guda, mai ma'anar “mai fitowa”, wadda ba ta bambanta mutum da dabba ba. Hausa ba ta yarda da wannan shiru ba: dole a ce “wanda” ko “abin da”. In an ce “wanda”, Yefta ya ƙudurta yanka mutum tun farko. Haka Vulgata ta Latin ta ɗauka, haka ma Segond ta 1910. In an ce “abin da”, kamar fassarar Ingilishi ta 1611, sai ya zama mai gaggawar baki wanda ya zaci akuya ce za ta tare shi. Ke nan nahawunmu yana tilasta wa mai fassara yanke hukuncin da marubucin bai yanke ba. Ni na fi karkata ga “wanda”, domin fitowa taryar mayaƙi da kiɗa aikin mata ne a waɗannan littattafai, kuma aya ta 34 haka ta nuna.

Akwai wata mafita da aka daɗe ana bi. David Kimhi, malamin Yahudawa na ƙarni na 12 zuwa 13, ya karanta harafin haɗi wa- da ma'anar “ko”, wato ko a keɓe ga Ubangiji ko a ƙone. Bisa haka yarinyar ba ta mutu ba, zaman kaɗaici ta yi ba aure. Nahawu bai haramta wannan ba, amma nassin ya ce uban ya yi mata yadda ya yi alwashi, kuma Josephus, a ƙarni na 1, yanka ya fahimta. Ina zargin cewa tausayi ne ya haifi wannan “ko”, ba ƙa'idar harshe ba.

Masu kare nagartar Allah suna da hujja mai ƙarfi. Littafin Firistoci 18:21 da Maimaitawar Shari'a 12:31 da Irmiya 7:31 sun la'anci miƙa ƴaƴa, kuma babu inda Allah ya nemi alwashin Yefta. Gaskiya ne. Amma aya ta 29 ta ce Ruhun Ubangiji ya sauko masa gab da alwashin, an ba shi nasara, sannan Ibraniyawa 11:32 ta lissafa shi cikin masu bangaskiya. Ga kuma Ezekiyel 20:25-26, mai maganar dokoki marasa kyau da aka ba jama'a game da ƴaƴan fari, wadda Jon Levenson ya jingina da ita a littafinsa na 1993. Kant, a 1798, ya ce kamata ya yi Ibrahim ya yi shakkar muryar da ta umarce shi. A labarin Yefta babu ma muryar da za a yi shakka. Daga sama ba a ce komai ba.

Mai karatu Musulmi zai lura da wani abu. A sura ta 37 ta Alƙur'ani, uban ya shawarci ɗansa (ba a ambaci sunansa ba, Ɗabari ya ce Ishaƙ, Ibn Kasir ya ce Isma'ila), alhali a Farawa 22 ba a gaya wa Ishaku komai ba. Ƴar Yefta ta fi kama da ɗan da ke cikin Alƙur'ani: ta sani, ta amince, wata 2 kawai ta roƙa. Ita ce ba a fansa ba. Aikatau na aya ta 40, wanda Septuaginta ta mayar “makoki”, shi ne ke nufin “bayar da labari” a Mahukunta 5:11. Da ni ne mai fassara, da na ce ƴan matan Isra'ila suna fita kwana 4 kowace shekara suna ba da labarinta, in sa makokin a bayanin ƙasan shafi.